Uwar Bobuwa

Gab da magariba Sanda ya nufi fadama don ya kwanto bijiminsa. Shi kaɗai ɓarayin daji suka bar masa, shi ma don yana ɗingishi a ranar. Da shi yake huɗa, da shi yake ciyar da iyali.

Damina ta yi tsakiya, bobuwa ta addabi dabbar. Ƙaton ƙuda ne mai koren ido, cizonsa kamar tsagar reza. Macen ce ke shan jini, ta saka ƙwai a ciyawar bakin ruwa, tsutsotsin su girma cikin laka. Kowa a ƙauyen nan na gefen Danja ya san maganinta: a turara kashin shanu, a haƙura. Kuma ba a zuba komai a kududdufin gindin tsamiya sai an yi sallama. Sanda kuwa haƙurinsa ya bi garkensa tun ranar da ɓarayin suka kore garken. Da azahar ya juye ragowar maganin feshi a ruwan, ko bisimilla babu.

Yanzu fadamar ta yi tsit. Ko kwaɗo ɗaya. Sai warin guba da ruɓaɓɓiyar laka.

Can ya ji ƙugi. Bobuwa ba ta tashi in rana ta faɗi, ya san wannan.

Farin bijimin ya koma baƙi ƙirin, kuma baƙin yana motsi. Sanda ya kama igiya.

Wata tsohuwa na durƙushe cikin laka, tana tsince matattun tsutsotsi tana zubawa a zaninta. Ta ɗago. Idanunta sun cinye rabin fuska, kore shar.

"Malam Sanda," ta ce ƙasa-ƙasa, "ka kashe mini 'ya'ya."

Ya nemi addu'a, ta ɓace masa.

"Sai na sha jini zan sake yin wasu. Naka, ko nasa?"

Bijimin ya ɗora masa hanci a kafaɗa, yana rawar jiki.

Sanda ya saki igiyar.

Ya ruga. Bai waiwaya ba, ko da ya ji kukan bijimin.

Da safe aka tarar da bijimin kwance da sauran numfashi. Aka yi maza aka sa wuƙa. Ko ɗigon jini bai fito ba, kuma babu wanda ya yarda ya taɓa naman.

Tun daga lokacin Sanda da hannu yake huɗa, shi da garma, har bayansa ya ranƙwafa. Abin takaici, maƙwabta har kishinsa suke yi, wai bobuwa ba ta cizonsa. Gaskiya ne. Takan sauka a wuyansa, ta ɗan zauna, ta tashi abinta. Ya riga ya biya ta, ya kuma san da me.