Akwatin da Bai Narke Ba

Ƙarfe goma na safe aka bugo waya ofis cewa an yi sata a sashen binciken magunguna na jami'a. Sufeto ya ɗauka kwamfuta ce kamar kullum. Da ya isa sai aka ce masa jini aka sace.

"Jini?" ya ce. "To, yau kuma."

Wadda ta kai ƙarar matashiya ce mai farar riga, idanunta jawur. Shekara biyu ke nan da ta gama digirinta na uku, kowa a ɗakin Ƙaramar Dakta yake ce mata. Ta buɗe wani ƙaton firji, hucin sanyi ya bugi fuskar Sufeto, ta nuna masa gurbi wayam.

"Ɗan akwati ne, ranka ya daɗe. Jinin tsofaffi ɗari biyu ne a ciki, masu ciwon sukari da suka fara mantuwa. Muna neman abin da ya haɗa cututtukan biyu. Jibi wani kamfanin magani zai karɓi jinin ya sake aunawa. In sakamakonsu ya dace da nawa, za su ɗauke ni aiki, rabin mako a can, rabi a nan."

"In babu jinin fa?"

"Babu aikin. Amma ba shi ya fi damuna ba. Goma sha ɗaya daga cikin tsofaffin sun rasu, ba zan iya komawa in roƙe su su miƙo hannu ba. Kuma in ya narke, ko an same shi ya tashi aiki."

Sufeto ya tuna da gida. Tasa mahaifiyar sukari gare ta, kuma tun bara take kiransa da sunan ƙanenta da ya rasu. Abin yana cin ransa, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Firjin yana da ɗan allo mai nuna duk lokacin da aka buɗe shi. Jiya an buɗe da biyu da minti goma na rana, daidai lokacin taron mako, sa'ad da Ƙaramar Dakta ke gaban jama'a tana bayani.

Farfesa, shugaban sashen, ya ce babu wanda ya fita. "A kan idona aka yi komai."

"An kashe fitilu don nuna hotuna?"

"An kashe."

"Hoto na nawa ka gani na ƙarshe?"

Farfesa ya sosa ƙeya. Daga ƙarshe dai ya yarda cewa barci ya ɗan fizge shi tun a hoto na uku.

Na biyu da aka yi wa tambayoyi shi ne Dogo, wanda ya shekara bakwai a sashen, shi ma ya nemi aikin kamfanin bai samu ba.

"Ina layin baya daga farko har ƙarshe," in ji shi. "Ai Ƙaramar Dakta kamar ƙanwata ce, ni na koya mata aikin."

Sufeto ya lura da ƙuna a hannunsa. "Me ya sami yatsunka?"

Dogo ya mayar da hannu aljihu. "Shayi ne ya zubo mini."

A sito, Sufeto ya iske dattijuwar da ke kula da kaya tana ta faɗa ita kaɗai. Wai jiya da ta fita cin abinci wani ya ɗibar mata busasshiyar ƙanƙara, wadda ake jera jini a ciki in za a kai shi wani wuri.

"Kuma safar hannun da ake ɗibarta da ita tana kulle a ɗakina, ɗan nan. Duk wanda ya ɗiba, da hannu tsirara ya ɗiba. Wannan aba ƙuna take yi kamar wuta."

Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa yana nazari. Mai son ɓata jinin ai ajiye shi kawai zai yi a kan tebur ya yi tafiyarsa. Wanda ya ƙona yatsunsa don ƙanƙara, so yake jinin ya tsira.

"Inna, akwai wani firji irin wancan?"

"Akwai, a ƙasa, ɗakin ɓerayen gwaji."

Can suka sami akwatin, a bayan akwatunan Dogo, daskare kamar dutse. A jikin murfin an manna 'yar takarda da rubutu tsaf: an fitar biyu da minti goma, an mayar cikin sanyi biyu da sha huɗu. Ka'idar aikinsu ce, duk jinin da aka motsa ba a rubuta lokaci ba, babu mai yarda da shi.

Sufeto ya miƙa wa Dogo takardar. "Shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa ganin ɓarawon da ya rubuta mini lokaci ba. Rubutun wa ke nan?"

Dogo ya zauna a ƙasa dirshan.

"Nawa ne. Baƙin ciki ya ɗebe ni, ranka ya daɗe. Shekara bakwai, kullum sai a ce in jira. Na ɗauko da niyyar watsarwa a kwata, sai na tuna ni na riƙa riƙe hannun tsofaffin nan ana ɗiba. Hannuna ya ƙi. Na ce bari in ɓoye har jibi ta wuce."

Ƙaramar Dakta ta karanta takardar sau biyu, ta rungume akwatin ta mayar cikin firji da sauri. Minti huɗu kacal, kamfani zai karɓa. Ta gode wa Sufeto, ta gode wa dattijuwar. Sannan ta juya ga Dogo, wanda tuni an sa masa ankwa.

"Yaya, ka cuce ni, kuma ban san ranar da zan manta ba. Amma na gode da ba ka bari sun narke ba."

Sai a lokacin Dogo ya fashe da kuka. Aka tasa ƙeyarsa zuwa mota.

Sufeto ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya cire hularsa.

"Dakta, har yanzu kuna karɓar tsofaffi? Ina da uwa."

"Kawo ta ranar Litinin, ranka ya daɗe," ta ce. "Ni da kaina zan riƙe mata hannu."