Toka a Idon Kyamara

A wani ƙauye kusa da Dayi akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ke goge kwalbar fitilar gidansu. Da toka take gogewa har ta yi ƙal. Kowa na yaba mata, yabon kuwa ya hau mata kai.

Kakanta Dogo manomi ne. Tun yana saurayi da kallon wata yake lissafin shuka da girbi. Yanzu idonsa ya yi rauni. Likita a Malumfashi ya ce ganin sai dai ya yi ta raguwa. Abin da ke dab da hancinsa kawai yake gani.

"Amarya," in ji shi, don haka yake tsokanarta, "wata ya fito?"

"Ya fito, tsoho."

"Damina biyu rabona da shi."

Baffanta Kamalu mai ɗaukar hoto ne a Funtua. Ranar sha huɗu ga wata ya zo da kyamara da wani dogon gilashi kamar guntun taɓarya.

"Wannan yana jawo nesa kusa," ya ce. "Zan ɗauko wa Baba wata, in wanke hoton babba, ya kai shi kusa da ido. Kada kowa ya taɓa mini."

Da magariba Baffa ya tafi masallaci. Yarinya ta lallaɓa ta buɗe murfin gilashin, ta dangwala yatsa. Ashe akwai maiƙon ƙuli-ƙuli a hannunta. Shaidar yatsa ta zauna ɗaram.

Sai ta ce a ranta, "Gilashi dai ai gilashi ne." Ta ɗebo toka a murhu, ta sa tsumma ta dirje. Maiƙo ya fita, amma gilashi ya yi zane-zane, ya dushe. Ta mayar da murfi, ta yi gum.

Bayan isha'i wata ya hau saman dawa, fari sol. Hadari kuma yana haɗowa daga gabas. Kaka ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zauna a tabarma yana jira.

Baffa ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya danna. Hoto ya fito kamar an zubar da koko. Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya sake dannawa. Duk ɗaya.

"Ikon Allah! Me ya sami abin nan?"

Yarinya tana tsaye a bayansa. Maganar tana bakinta, ta haɗiye.

Kafin Baffa ya haska fitilar waya ya ga zanen, hadari ya rufe wata ruf.

"Wa ya taɓa mini gilashi?"

Sai yayyafi ya soma.

"Ba komai," in ji Kaka. "Ku kama ni in shiga, kada rigar ta jiƙe."

Da safe ta kasa shan koko. Ta tarar da Baffa yana ɗaure jaka a babur, ta durƙusa.

"Baffa, ni ce. Da toka na goge."

Ya buɗe jaka, ya ciro dogon gilashin. Sannan ya murɗe wani siririn gilashi daga bakin dogon, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Wannan na kariya ne. Na ciki lafiyarsa ƙalau. Da kin faɗa tun da magariba, murɗa uku zan yi in cire shi. Ba toka ce ta hana Baba ganin wata ba. Shirunki ne."

Ya hau babur. Aiki na jiransa, ba zai dawo ba sai wata ya sake cika.

Kwanakin nan sun yi wa yarinya ɗaci. Kaka bai yi mata faɗa ba. Ya dai daina tambayar ko wata ya fito. Wata rana ta ga ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa, ya kama iska. Ta zagaya bayan rumbu ta yi kuka. In idon ya rufe kafin Baffa ya dawo fa?

Wata ya cika, Baffa ya dawo, sama kuwa garau. Ya kafa kyamara, ya ce, "Zo ki danna. Wanke hannu tukuna."

Ta wanke, ta danna.

Bayan kwana biyu direban bas ya kawo hoto daga Funtua, faɗinsa kamar faifai. Kaka ya kai shi har hanci.

"Kai!" ya ce. "Shekara saba'in ina kallonsa, ashe tsoho ne irina, fuska duk ramuka. Amarya, kin ga na fi shi kyau ko?"

Ta yi dariya da hawaye a fuska.

Yara, ku ji. Abin da ba ku sani ba, ku tambaya. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa da wuri. Ɓarna tana gyaruwa, amma shiru yana iya cinye abin da ba ya dawowa.