Farantin Farko

"Wannan ne abincin?"

Hajiya Najat, mahaifiyar Tamimu, ita ta yi tambayar, tana kallon farantin da na ajiye gabanta kamar na kawo mata ciyawar akuya.

Karas ne na goga siriri, na yanka lemo a kai, ga ganyen salak da man zaitun. Da kaina na zaɓo su a kasuwar manoma da safe, kuma na san sun yi kyau.

"Bismillah, Mama," na ce da murmushina, na koma kicin duba naman da ke cikin tanda.

Ni Zaituna a Yamai na tashi, a hannun Tanti Salima, wadda ta daɗe tana yi wa wasu Faransawa girki. A gidanmu ni da ita, can Yamai da nan Harlem ta birnin New York, abinci bi da bi yake zuwa. Ganye ya fara buɗe ciki, mai nauyi ya biyo, kayan marmari su rufe. Ban taɓa kawowa a raina akwai wanda bai san haka ba. Ashe su Tamimu, 'yan Zangon Kumasi da ke zaune a unguwar Tremont ta Bronx, babban baƙo tebur ake cika masa lokaci guda, har ya rasa inda zai ajiye cokali.

Kuma yau ce ranar da Hajiya ta zo ganina da idonta. In ta ce a'a, Tamimu ba zai tsallake maganarta ba, aurenmu ya tashi ke nan.

Daga kicin na jiyo muryar Suweiba, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda ta daɗe tana goge wa Tamimu riguna ba wanda ya sa ta. Ita kam ta san tsarinmu sarai, ta sha cin abinci a gidajen ƙawayenta 'yan Nijar.

"Maa, ai na gaya miki. Ganye da safe, ganye da rana. Dubi yadda brother Tamimu ya rame tun ba a yi auren ba!"

"Ei! Daga Bronx na hawo train har nan don in ci karas? Ni za a raina? Tamimu, miƙo mani jakata!"

"Maa, don Allah ki..."

"Na ce let's go!"

Sai ga Tamimu ya faɗo kicin yana gumi.

"Zee, masoyiyata, ki zo ki ba ta haƙuri. Ki ce kuskure ne, yanzu in yi order na jollof..."

"Order? A kicin ɗina?"

"Zan rasa ki fa, Zee!"

Tausayinsa ya kama ni. Amma ban ga abin kunya a girkina ba.

"Sheri, masoyina, ina sonka har cikin raina," na ce. "Matsa mani hanya."

Na naɗe hannuwana da tsumma na ɗauki tukunyar miya daga kan wuta, na riga Hajiya isa bakin ƙofa. Nan na durƙusa a gabanta.

"Mama, laifina ne da ban yi miki bayani ba. Wancan farantin sallama ce kawai. Mu ba ma jera wa babban baƙo komai lokaci guda, don kada wani ya huce yana jiran wani. Ga abincinki."

Na buɗe murfin.

Tururi ya tashi da ƙamshin tumatir da tattasai, yalon Turawa da ƙananan kabewa, duk sun narke cikin tafarnuwa da man zaitun. Ratatuy ke nan, miyar da na fi alfahari da ita. A bayana Tanti Salima ta fito da gasasshiyar cinyar rago a kan tire.

"Wala, ga shi nan, Hajiya," ta ce a daƙile, don ita ma ranta ya ɓaci.

"Maa, za mu rasa train," in ji Suweiba.

"Train ya ƙare ne a New York?"

Hajiya ce ta faɗi haka, ta koma ta zauna. Ta kai loma, ta tauna a hankali, ta ƙara wata.

"Babu yaji," ta ce.

Ta zuge jakarta ta ciro wata ƙaramar kwalba. Shito ne, baƙin yajin nan na mutanen Gana, wanda take soyawa da hannunta. Tanti ta zaro ido, don a wurinta zuba wannan a ratatuy ɓarna ce babba.

Ni kuwa na miƙa farantina.

"Mama, a sa mani."

Na ɗanɗana. Hawaye ya zubo mani, hancina ya kama yoyo, amma wallahi miyar ta tashi!

"Ya yi, Mama. Sai dai in na kawo tart, wato kek ɗin tuffa, ban yarda kwalbar nan ta matso kusa da shi ba."

Hajiya ta dube ni, ta dubi ɗanta, sai ta fashe da dariya har da tafa hannu.

"Ei, Tamimu! Wannan yarinya ba ta da tsoro!"

Ta cinye rabonta na tart ɗin, ta ja na Suweiba ma, tunda ita ta ce ta ƙoshi.

Bayan la'asar suka tashi tafiya. Har lokacin Hajiya ba ta ce komai a kan maganar aure ba, Tamimu sai satar kallona yake. Suna bakin ƙofa Suweiba ta koma da sauri ta ɗauko kwalbar daga kan tebur.

"Maa, kin manta shitonki."

Hajiya ta karɓa, ta kamo hannuna ta damƙa mani.

"Ban manta ba. Inda ɗana zai riƙa cin abinci, nan kwalbata take zama."