A Nawa Yana Aiki

Ranar da ta fara aiki a ɗakin gwajin manhaja, kafin ta san inda ake ajiye kofin shayi har ta yi abokin gaba. Ta kunna gwajin nan mai tafiyar da kansa, wanda ke bin maɓallan manhajar kamfanin ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, sai allo ya cika da jajayen layuka goma sha bakwai. Ta kai wa wanda ya rubuta manhajar, wani dogo mai tabarau da ke zama bakin taga. Ko ɗago kai bai yi ba.

"A nawa yana aiki," ya ce.

Daga nan ta raɗa masa A-Nawa, shi kuma ya rama da Jan Layi. Tebur biyu ne tsakaninsu, amma sai ta waya suke magana.

"Malam A-Nawa, gwaji ya sake faɗuwa. In kwamfutarka za mu sayar wa jama'a, ka sanar da mu."

"Malama Jan Layi, kore shar yake a wajena. A je a koyo aiki."

Oga ya bi bayan tsohon hannu, da ma ba a tabbatar da ita a aikin ba. Ya ce zuwa Alhamis ko allo ya yi kore, ko ta kwashe kayanta. Manajan talla ya lallaɓo da ƙamshin turarensa, wai zai sa baki in ta ba shi lambarta. Harara ɗaya ta sallame shi.

Kullum ta koma gida sai ta zazzage wa Baba: mai girman kai ne, mara mutunci, shi zai raba ta da abincinta. Baba ya tsani yaron tun bai gan shi ba.

Ranar Laraba ta tsaya masa a ka, ta ce sai ya kunna gwajin a gabanta. Suna cikin cacar baki wani ɗan akwati ya leƙo a gefen allonsa, yana cewa sabon tsarin kwamfuta ya iso. Ko kallo bai yi ba ya danna "tuna mini gobe".

"Tun yaushe kake danna wannan?"

Ya sosa ƙeya. Shekara ɗaya da rabi. Ashe tsohon tsari yake kai, alhali na'urar gwaji da kwamfutocin kwastomomi duk sun koma sabo, shi kuwa sabon sai ya nemi izini kafin ya buɗe fayil. Manhajarsa ba ta san da wannan ba, nan take cijewa.

Ta shiga taron Alhamis da niyyar yi masa tsirara a gaban kowa, sai ya riga ta miƙewa. Ya ce laifinsa ne, kuma ba don ita ba da sun tura wa jama'a kaya mara aiki. Oga ya wanke shi tas, ya ƙwace shugabancin aikin daga hannunsa. Ita aka tabbatar da ita. Maimakon daɗi tausayinsa ta ji, abin ya ba ta haushi ƙwarai.

Da dare saƙonsa ya shigo wayarta: "Na sabunta tsarin. A nawa ma ja ne. Ki yafe mini, Jan Layina."

"Wa ya ba ka izinin wannan 'na' ɗin?"

"Shi nake nema."

Wata huɗu bayan nan, da soyayya ta kankama, ya je gaida Baba, wanda ta riga ta ba shi labarin komai. Dattijon ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mara mutuncin da ke sa mini 'ya kuka? Je ka, ka tuna mini gobe."

Ta yi kuka, ta yi rantsuwa ya canza. Mama ta ce ai bakinta ne ya ɓata shi, sai ta gyara da bakin. Shi kuwa kullum bayan tashi daga aiki yana ƙofar gida, kullum amsar Baba gobe. Sau ashirin da uku ya tuna masa. A na ashirin da huɗu Baba ya ce wanda ya iya cewa "laifina ne" a gaban ogansa, kuma bai gaji da dawowa ba, ya turo magabatansa.

Ranar ɗaurin aure Baba da kansa ya riƙe hannun ango.

"In ta ce maka wani abu ba ya aiki, ka taso ka duba a nata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."