Jan Fenti a Jikin Gawo

Shekarar da fetur ya gagari talaka, janaretan rijiyar burtsatsen ƙauyen ya daina tashi. A bakin busasshen famfon Khalilu, mai haɗa sola daga Ɗanbatta, ya fara ganin Safara'u. Tambayar hanya ya tsaya yi, ya manta inda za shi. Kafin wata ya zagayo ta zama "Hasken idona", shi kuma "Injiniyana".

Karo-karon da mutanen gari suka yi don sa wa rijiyar sola, faranti takwas kacal ya saya, ga gonaki manne da juna, ba filin girka su sai gefen gonar Malam Dabo, mahaifinta. Can ɗin ma wani tsohon gawo ya tare rana. Gogan naka Khalilu bai tambayi kowa ba, ya shafa masa jan fenti, alamar sara.

Malam Dabo ya ga fentin, ransa ya ɓaci. 'Ya'yan gawon nan ne suka riƙe masa awaki duk rani. Ya ce wanda zai sare bishiya bai nemi mai ita ba, kada ya ƙara taka ƙofar gidansa. Nan da nan Tasi'u mai sayar da fetur a galan ya fara aiko da goron neman auren Safara'u.

Safara'u ta sha kuka, sannan ta tura saƙo:

"Injiniyana, dole sai a ƙasa? Mu rana ke dafa mu a layin famfo. Ka yi mana rumfa da farantan."

"Hasken idona, shekara uku ina wannan aiki, yau kin koya min."

Ya kafa ƙarafa a bakin rijiyar, ya ɗora farantan sama. Ran Laraba da hantsi ruwa ya tsillo, mata na guɗa a inuwa.

Khalilu bai tsaya karɓar yabo ba. A gona Malam Dabo ya iske shi durƙushe da soso da bokiti, yana dirzar gawon.

"Baba, na yi kuskure."

Tsohon ya dakatar da shi. "Bar shi haka, kar ka saɓule masa ɓawo. Ka turo magabatanka."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure, aka sha addu'a. Da ruwan famfon aka yi wa amarya wankan lalle, gawon kuwa yana nan tsaye da ɗan sauran ja a gindinsa. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.