Allura a Ruwan Tur'a

"To, fiffike sharar ta yi ta faɗa tur'a?" Sufeto Izzuddeen ya tambaya.

"Janabu, ni iyakata bakin kwalta," in ji Almu mai karo, wato amalanken jaki.

Haka aka raba aikin. Karon jakin baladiyya, ofishin hukumar gari, ke kwaso sharar gari zuwa bakin kwalta, motar mahalliyya, ofishin ƙaramar hukuma, ta wuce da ita juji. Amma da safe wata yarinya, Hanaa, ta taka allurar asibiti a tur'ar da ƙauye ke ɗiban ruwa, wato magudanar ban-ruwa. Jama'a suka yi wa Almu zobe za su ƙona karonsa, abin da yake ci da iyali. Kakan yarinyar, Hajj Attahiru, ya fi kowa ɗaga murya.

Izzuddeen ya dubi idon Almu, zuciyarsa ta ƙi yarda shi ne mai laifin.

Ofisoshin biyu kowanne ya ɗora wa ɗaya. Nasir, direban mahalliyya, ya rantse a juji ya sauke kayansa. Sufeto bai musa ba, ya durƙusa gindin motar. Hanyar juji tsakuwa ce busasshiya, tayoyin kuwa baƙar laka ce jiƙe da ganyen gyaɗa.

"Yaushe aka fara noma a juji, ya Nasir?"

Nasir ya shiga gyaran hula.

Izzuddeen ya bi ruwan, ya yi sama. Leda, kwalba, leda, har suka ƙare a wata hawasha, gonar ban-ruwa. Ga shara nan an baje ta tsakanin kunya, ban-ruwa ya kwashi rabi. Hawashar Hajj Attahiru ce.

Da aka kira tsohon, ya fara cewa maƙiya ne suka zuba. Sufeto ya nuna masa sawun magirbi, ya tambaya ko maƙiya na baje wa mutum taki.

Tsohon ya zauna a kan kunya.

"Taki na nema, ɗana. Haka iyayenmu ke yi, juji ya koma gona. Ni na roƙi Nasir. Na ɗauka toka ce da kashin awaki irin tamu. Da na ga ƙafar jikata, na rasa bakin faɗi."

Tausayi ya kama Izzuddeen, amma fuskar Almu ta ƙi barin idonsa. Ya sa aka kamo Nasir, ya miƙa wa tsohon hannu.

"Da ƙafa za mu tafi, Hajj, ta bakin kwalta. Jama'ar da ka tara wa Almu, su za ka fara gaya wa."