Babur Mai Nauyin Tashi

Da la'asar sakaliya Uba ya turo babur ɗinsa rumfar Awaisu bakanike a Rogo. Kwano ɗaya suka ci tun suna yara, amma yau Uba ya ƙi haɗa ido da shi.

"Mutumina, nauyi yake wajen tashi, kamar ana riƙe shi ta baya. Duba mini kuloci."

Awaisu ya duba wayar kuloci, lafiya lau. Filet ɗin kulocin sabo ne, birki ma bai maƙale ba. Har almuru bai ga komai ba.

"To, hau ka ɗana," in ji Uba. "Don Allah, kai da kanka."

Awaisu ya naɗe matakan ƙafar fasinja na baya, ya hau, ya sa giya. Da ƙyar babur ya ja. Yana hawa hanyar Zoza sai ya ji ƙas, matakin hagu ya sauka. Ƙas, na dama. Kujera ta lotsa, sanyi ya ratsa bayansa.

A madubi ya hango Uba yana gudu, ko waiwaye babu.

Wata murya ta raɗa masa a kunne, "Kada ka tsaya. Amininka ya ce daga yau kai za ka riƙa kai ni."